Ba kowane jan ido ne apolo ba

Jama'ar Gusau da kewaye, akwai ciwon idon da ke fakewa da sunan apolo. Shi apolo da kwantsa yake zuwa, ya zagaye mutanen gida, ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan kuwa kumburi ne can cikin ƙwayar ido, likitoci na ce masa yubiyaitis. Mai shi yana jin zogi mai zurfi, hasken rana yana sukar idonsa har ya riƙa kāre fuska da hannu ko gefen mayafi. Gani ya yi hazo-hazo, wani ma ya ga baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo a gabansa. Kwantsa kuwa kaɗan ce, ko babu.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin ɗigawa mai sitiroyid (sinadarin kwantar da kumburi) da ake saye a kemis. Nan da nan yake kwantar da jan, shi ya sa aka yarda da shi. Amma in an daɗe ana ɗigawa ba awo, yana iya jawo yanar ido da hawan jinin ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa. Idan tarin fuka ko wata ƙwayar cuta ce tushen kumburin, sitiroyid shi kaɗai ƙara wa wuta itace ne.

Saboda wannan illa ce masu bincike suka duƙufa neman abin da zai rage dogaro da sitiroyid. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar adalimumab ga kumburin da ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, bayan gwaji ya nuna tana jinkirta dawowarsa. Sai dai tana da tsada ƙwarai. Wanda ya fi faranta mini rai shi ne binciken da aka wallafa a 2019, wanda aka gudanar a Indiya, Amurka, Saudiyya, Ostareliya da Meziko. An gwada magungunan sha biyu masu danne garkuwar jiki, methotrexate da mycophenolate, sai ga shi methotrexate, tsohon magani mai sauƙin kuɗi, bai gaza ɗan'uwansa ba. Ga talakanmu wannan babban labari ne. To amma likita ne ke rubuta shi, ana bibiyarsa da gwajin jini saboda hanta, kuma mai juna biyu ba ta shan sa ko kaɗan.

Duk wanda jan idonsa ya haɗa da zogi, tsoron haske ko raguwar gani, don Allah kada ya jira. Ya tafi sashen ido na Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko babban asibiti mafi kusa, ya riƙo kwalbar duk abin da ya riga ya ɗiga, har na gargajiya, domin likita ya gani.