Waiwaye: Wa ke ɗaukar alhaki idan kayan da aka saya a kasuwar intanet suka yi ɓarna?

A watan Janairun 2015, wata mata a jihar Pennsylvania ta Amurka ta fita yawo da karenta. Karen ya zabura, zoben ƙarfen da ke jikin abin wuyansa ya ɓalle, igiyar ta dawo da ƙarfi ta doke ta a fuska, idonta na hagu ya mutu. A shafin Amazon ta sayi abin wuyan. Da aka shiga neman ɗan kasuwar da ya baje kayan a shafin, sai aka tarar ya yi ɓatan dabo. Amazon kuwa ta ce ita ba ta sayar mata da komai ba, fili kawai ta bayar.

Kafin zuwan intanet wannan magana ba ta da wani ruɗani. Tun 1963 kotun ƙolin jihar California ta yanke cewa duk kamfanin da ya ƙera kaya mai aibi har ya raunata mutum, zai biya diyya ko da ba a tabbatar ya yi sakaci ba. Shekara guda bayan nan aka haɗa har da mai kantin da ya sayar. Hujjar mai sauƙi ce: mai kanti shi mai saye ya sani, shi yake iya samu, kuma shi ke da bakin da zai matsa wa masana'anta ta gyara aikinta. Turai ta yi tata dokar a 1985, ta ce wanda ya shigo da kaya daga waje ya tsaya a matsayin wanda ya ƙera su.

Sai intanet ta zo. A 1996 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira Sashe na 230, wadda ta ce ba za a kama mai shafi da laifin abin da wani ya wallafa a shafinsa ba. Turai ta bi sahu a shekarar 2000. Lokacin rubuce-rubuce da maganganu ake tunani, babu wanda ya kawo batir mai fashewa a ransa. A shekarar 2000 ɗin ce Amazon ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa na waje, a 2006 kuma ta fara karɓar kayansu tana ajiyewa a sitonta, ita ke naɗewa, ita ke aikawa. Yau kusan kashi 60 cikin ɗari na kayan da ake saye a shafin na irin waɗannan 'yan kasuwa ne, da yawansu a ƙasar Sin.

Abin da ya fara tona asirin wannan tsari shi ne wani keken wasa mai taya biyu da ake hawa a tsaye, wanda ya yi tashe a ƙarshen 2015. Batiransa sun riƙa kamawa da wuta. A Janairun 2016 ɗaya ya ƙone gidan wasu iyali ƙurmus a birnin Nashville na jihar Tennessee, sai da yara biyu suka diro daga bene. A kotu aka gano cewa Amazon ta riga ta yi bincike, ta daina sayar da kekunan, ta kuma aika wa masu saye saƙo, amma saƙon bai ambaci gobara ko fashewa ba. Duk da haka kotun ɗaukaka ƙara ta ce a dokar jihar Tennessee, Amazon ba mai sayarwa ba ce, sai dai a tuhume ta kan yadda ta yi gargaɗin.

Daga nan kowace jiha ta kama gabanta. Matar Pennsylvania ta yi nasara a Yulin 2019, daga baya aka jingine hukuncin don a sake sauraro, ƙarshe aka sasanta a wajen kotu. A Agustan 2020 kotun ɗaukaka ƙara a California ta ba da hukuncin da har yau ake kafa hujja da shi. Wata mata ta sayi batirin kwamfutar cinya, ya fashe ya ƙona ta. Alƙalan suka bi cinikin daki-daki: Amazon ce ta ajiye batirin, ita ta tallata shi, ita ta karɓi kuɗin, ta cire rabonta, ta aika shi a cikin kwalinta. Suka ce wanda ya yi duk wannan yana tsakiyar cinikin. Amma a Yunin 2021 kotun ƙolin Texas ta ce a'a, tunda kayan ba mallakar Amazon ba ne. Shari'ar kuwa ta wata jaririya ce da ta haɗiye ƙaramin batirin rimot ya ƙone mata maƙogwaro, shi ma mai kayan ba a same shi ba.

A ganina alƙalan California ne suka fi kusa da gaskiya. Ko a kara, idan dabbar da aka saya ta zama ta sata, dillalin da ya ci la'ada ake fara kamawa, don da amincinsa aka yi cinikin. Mai saye a intanet bai san sunan da ke maƙale a ƙasan hoto ba, sunan shafin ya yarda da shi.

Hukumomi sun farka a makare. A 2019 jaridar Wall Street Journal ta ƙirga kaya 4,152 a shafin Amazon waɗanda aka haramta, ko aka ce suna da haɗari, ko bayaninsu na yaudara ne. A 2021 kamfanin ya ce zai riƙa biyan diyyar da ba ta kai dala 1,000 ba kai tsaye, ba tare da ya amsa laifi ba. A Yulin 2024 hukumar kula da lafiyar kayayyaki ta Amurka ta yanke cewa Amazon mai rarraba kaya ce, don haka alhakin janye kaya sama da 400,000 yana wuyanta. Cikinsu akwai kayan barcin yara masu saurin kama wuta, da na'urorin gano iskar guba, irin wadda ke fitowa daga hayaƙin janareta, waɗanda ba sa ƙara idan iskar ta cika ɗaki. Amazon ta maka hukumar a kotu a 2025.

Turai ta bi ta hanyar rubuta doka. Yanzu wajibi ne shafi ya san ɗan kasuwar da ke cikinsa, sunansa da adireshinsa, kuma daga Disambar 2024 idan hukuma ta ce a cire kaya, kwana biyu na aiki aka ba shi. Sabuwar dokar diyya, wadda aka ba ƙasashe wa'adin 9 ga Disambar 2026 su fara aiki da ita, ta ce idan ba a sami masana'anta ko mai shigo da kaya a cikin Tarayyar Turai ba, ana iya kama kamfanin da ya ajiye ya kuma aika. Sai dai kasuwar ta riga ta canza salo. Shafukan sayar da kaya na Temu da Shein daga masana'anta suke aiko ƙunshi kai tsaye zuwa ƙofar gida, babu mai shigowa, sau da yawa babu sito. A 2024 kaɗai ƙananan ƙunshi biliyan 4.6 suka shiga Tarayyar Turai, kusan miliyan 12 a kullum, kashi 91 cikin ɗari daga Sin. Babu kwastan ɗin da zai iya buɗe su. Ita kanta Sin, dokarta ta 2019 ta ce shafin da ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa kaya na da haɗari ya yi shiru, tare za su biya da mai kayan.

Maganar ta iso mu. Shafin Jumia yana Najeriya tun 2012, Temu ta shigo a ƙarshen 2024 da tallan da ya cika wayoyin mutane. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora alhakin ɓarnar kaya mai aibi a kan wanda ya samar da su. Wanda caja ta ƙona wa ɗaki a Kano ko Katsina zai fara ne da tambayar da aka shekara goma ana kai ruwa rana a kanta a Amurka: shafin da ya karɓi kuɗinsa yana cikin masu samarwa, ko kuwa? Wanda ya saya ta WhatsApp ko Facebook ya tura kuɗi asusun wani, shi ko rasit ɗin da zai nuna ba shi da shi.