Kwafin DNA zuwa RNA: tambayoyin da kuka ishe ni da su

Ina koyar da bayoloji a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Ringim, kuma duk shekara da jarrabawar NECO ta ƙarato, tambayoyin nan ne dai ke dawowa. To ga su a rubuce, kowa ya karanta kafin ya sake tare ni a bakin aji.

Malam, mene ne tiranskirifshan?

Kwafi ne. DNA kundi ne da ke ajiye a cibiyar ƙwayar halitta, ba ya fita. In ana bukatar wani babi, sai a kwafe shi a RNA, a kai kwafin inda ake ƙera furotin. Kamar malamin da ba ya ba da aron kundinsa, sai dai ya rubuta maka abin da ka zo nema a takarda. Mai yin kwafin sunansa RNA folimares.

Haruffansu ɗaya ne?

A'a. DNA tana da A, T, G, C. A RNA, U ke zama a gurbin T. Sau nawa zan faɗa?

Me ya haɗa wannan da maganin tarin fuka?

Rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, folimares ɗin ƙwayar cutar yake toshewa, kwafi ya tsaya, ta mutu. Namu ƙirarsa daban ce, shi ya sa bai toshe shi ba. Ku gaya wa masu sha a gida cewa fitsarin da ya yi ja aikin maganin ne, kada tsoro ya sa su bari kafin wata 6 ya cika.

In kundi ɗaya ne a jiki, me ya bambanta ido da hanta?

Babin da aka buɗe. Muna da babi wajen 20,000 masu ba da furotin, kuma ba ƙwayar da ke kwafe su duka. A bakin kowane babi akwai wurin da folimares ke sauka, furomota ke nan. Wasu furotin suna kama masa hannu ya zauna, wasu suna tare hanya. François Jacob da Jacques Monod ne suka bayyana wannan a Faransa a 1961, da suka ga bakteriya ba ta kwafe babin narkar da sukarin madara sai in sukarin yana nan. Mu ma muna da irin wannan: yawancin mutane babin narkar da madara yana lafawa bayan yaye, amma Fulani da yawa sun gaji wani canji da ke barin sa a buɗe har girma.

Malam, ƙanena sikila ne. Tunda ana buɗe babi ana rufewa, ba za a rufe na ciwon ba?

Zauna, yarinya, wannan tambayar ba ta gaggawa ba ce. Rufe shi kawai ba zai yi ba, domin shi ne ke ba da himogulobin ɗin da jini ke ɗaukar iska da shi, ko da gurɓatacce ne. Amma akwai wata ƙofa. Jariri a ciki da wani himogulobin daban yake rayuwa, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini ta zama lauje. Bayan haihuwa sai wani furotin, BCL11A, ya danne babinsa sannu a hankali. Shi ya sa yaro zai yi wata 5 ko 6 lafiya lau, sannan hannu da ƙafa su fara kumbura. Ba maita ba ce, ba nonon uwa ba ne, ku daina ɗora wa iyaye mata laifi.

Maganin haidiroksiyuriya yana ƙara wannan himogulobin na jarirai, kuma mutane da yawa ciwon yana rage tashi musu. Na ce da yawa, ban ce kowa ba. Yana ɗaukar watanni kafin a ga amfaninsa, yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, don haka sai da awon jini akai-akai, kuma mai ciki ko mai neman haihuwa sai ta yi shawara da likita tukuna. Kada wani ya je kemis ya sayo don na ambace shi, Allah ya gani ban ce haka ba. Ku kai shi asibitin da ke da sashen masu sikila, likita ya duba nauyinsa da jininsa.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini, a kashe wurin da ke kunna BCL11A don himogulobin na jarirai ya dawo, a mayar da su jiki. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2, kuma sai an sha magani mai tsanani kafin a mayar da ƙwayoyin. Yanzu dai abin da ke hannunku shi ne ruwa isasshe, gidan sauro, rigar sanyi lokacin hunturu, da asibiti da zarar zazzaɓi ya taso.

In ya sha haidiroksiyuriya, SS ɗinsa zai koma AS?

A'a. Yawan kwafi ne ya canja, kundin yana nan yadda ya gada. In ya tashi aure, shi da yarinyar sai sun yi gwajin jini.