Gyaran tsarin rubutu a takardun sakin buɗaɗɗiyar manhaja

Gyaran tsarin rubutu a takardun saki shi ne aikin daidaita alamomi da tazara da jerin layuka a cikin rubuce-rubucen da ke rakiyar sabuwar sigar manhaja, domin su fito yadda aka nufa a idon mai karatu, kuma na'urorin da ke karanta su kada su tuntuɓe. Takardun da ake magana a kansu sun haɗa da bayanin saki, wanda ke faɗa wa mai amfani abin da ya sauya, da kundin canje-canje, da fayil ɗin README, da umarnin girkawa. Gyaran bai shafi ma'anar jimla ba. Abin da ya shafa shi ne ko kanun magana ya fito a matsayin kanu, ko umarnin da za a kwafa ya tsaya a akwatinsa, ko mahaɗin ya kai inda aka ce zai kai.

A buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke da izinin karanta tushenta ya gyara ya rarraba, wannan aiki yana da nauyi fiye da yadda ake zato, saboda takarda ɗaya takan ratsa injina uku ko huɗu kafin ta isa ga mutum, kuma kowanne da yadda yake fassara alamomin.

Asalin takardun

Ƙa'idojin rubuta manhaja na GNU, wani daɗaɗɗen aikin gina buɗaɗɗun manhajoji, sun daɗe da raba abin gida biyu: fayil mai suna NEWS don sauye-sauyen da mai amfani zai gani, da ChangeLog don bayanin abin da aka taɓa a cikin tushen manhajar. Dukkansu tsurar rubutu ne, babu ado. Matsalar tsari ta ƙaru ne lokacin da aka fara rubuta takardu da ƙananan harsunan alama, inda tauraro ko karan ƙasa ke umartar injin ya mayar da kalma mai gwaɓi ko rubutun tsutsa. David Goodger ya samar da reStructuredText a farkon shekarun 2000, Stuart Rackham ya fito da AsciiDoc a 2002, sannan John Gruber ya wallafa Markdown a 2004 tare da gudummawar Aaron Swartz. A 2008 Georg Brandl ya saki Sphinx, injin da ke juya reStructuredText zuwa shafukan intanet, wanda aka gina tun farko don takardun harshen Python bayan an bar LaTeX. Ƙwayar Linux, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta mai suna Linux, ita ma ta koma Sphinx a 2016, a siga ta 4.8, a ƙarƙashin kulawar Jonathan Corbet.

Markdown ne ya fi yaɗuwa, kuma shi ya fi haifar da rigima. Bayanin da Gruber ya rubuta bai fayyace wurare da dama ba, don haka kowane mai gina injin fassara ya cike giɓin da ra'ayinsa. Takarda guda sai ta fito da siffa daban-daban a shafuka daban-daban. A watan Satumba na 2014 wasu mutane, ciki har da John MacFarlane, malamin falsafa a jami'ar Berkeley wanda ya rubuta Pandoc, da Jeff Atwood, suka fitar da tsayayyar ƙa'ida. Gruber bai yarda da sunan da suka fara ba ta ba, sai aka sauya shi zuwa CommonMark. A 2017 GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan manhaja a cikinsa, ya ɗora nasa salon a kan wannan ƙa'ida. Sakamakon ya bayyana nan take: duk fayil ɗin da aka rubuta kanunsa da alamar # manne da kalma, ba tare da tazara a tsakani ba, ya daina fitowa a matsayin kanu. Masu ayyukan ba su taɓa komai ba, amma takardunsu suka lalace, kuma an ɗauki lokaci ana aika gyare-gyaren da ba su wuce ƙara tazara ɗaya ba.

Kurakuran da aka fi gani

Mafi yawansu suna fitowa ne daga haruffan da ke da aiki biyu. Sunan fayil ɗin Python da ake rubutawa __init__.py yana da karan ƙasa biyu a kowane gefe, kuma a Markdown wannan umarni ne na gwaɓi. Idan marubuci bai killace sunan da alamar ` ba, mai karatu zai ga init.py kawai, karan sun ɓace, ya je neman fayil ɗin da babu shi. Haka tauraro a cikin umarni irin *.txt yakan haɗu da wani tauraro a gaba su haɗiye abin da ke tsakaninsu. Wannan ne ya sa bai kamata a ɗauki gyaran tsari a matsayin kwalliya ba: umarnin da ya rasa harafi ɗaya umarni ne na daban.

Wanda ya saba da Markdown kuma ya shiga aikin da ke amfani da reStructuredText yana da nasa tarkon. A Markdown alamar ` guda ɗaya a kowane gefe ta isa ta killace sunan umarni, a reStructuredText kuwa biyu ake so, guda ɗaya tana nufin wani abu daban. Kalmar da ta ƙare da karan ƙasa ana ɗaukarta mahaɗi, sai injin ya yi ƙorafin bai ga inda take nuni ba. Layin da ake ja a ƙarƙashin kanu dole ya kai tsawon kanun, in ya gaza Sphinx zai yi gargaɗi. Masu kula da takardun Python sun sha fama da irin waɗannan har suka ware musu kayan bincike mai suna sphinx-lint.

Sai jeri. Jeri a cikin jeri yana buƙatar a matsa layi ciki da adadin tazara daidai, kuma tsofaffin injina da CommonMark ba su yarda a kan adadin ba. Akwatin umarni da aka buɗe aka manta ba a rufe ba yakan haɗiye sauran takardar gaba ɗaya. Akwai kuma abin da ido ba ya gani: tazara biyu a ƙarshen layi a Markdown na nufin a karya layin, amma editoci da yawa an saita su su share irin wannan tazara da kansu. Windows na rufe layi da haruffa biyu, Linux da macOS da guda ɗaya, don haka mutum zai iya gyara kalma ɗaya tak Git, kayan aikin da ke bin diddigin sauye-sauyen fayiloli, ya nuna kamar ya sauya kowane layi na fayil ɗin. Ko a cikin GitHub kansa akwai bambanci: rubutun da aka yanka layi-layi a fayil yana haɗewa ya zama sakin layi ɗaya, amma idan aka kwafe shi zuwa shafin bayanin saki kowane yanka sai ya fito fili, kuma lamba mai # a gabanta ta zama mahaɗi zuwa wani rahoton matsala ko da ba haka aka nufa ba.

Matsalar lambar haruffa ta shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowannensu yana cin bayit biyu a tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Idan injin ya karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows-1252, ƙ sai ya koma Æ™. A takardun saki wannan ya fi bayyana a sashen godiya, inda ake jera sunayen masu gudummawa da masu fassara. Ɓata sunan wanda ya yi aiki kyauta ba ƙaramin abu ba ne, domin sau da yawa wannan layin ne kaɗai ladan da yake samu.

Inda na'ura ce mai karatu

Wasu takardun saki ba don mutum kaɗai ake rubuta su ba. Kundin canje-canje na ƙunshin Debian, wato manhajar da aka shirya don girkawa a tsarin Debian na Linux, shi ne misali mafi tsauri. Layin farko na kowace shigarwa yana ɗauke da sunan ƙunshin da sigarsa da inda za a tura shi, kuma daga nan kayan gini suke karanta lambar sigar. Layin ƙarshe dole ya fara da tazara ɗaya, sai kara biyu, sai suna da adireshin imel, sai tazara biyu daidai kafin kwanan wata. Wanda ya sa tazara ɗaya a wurin biyu ya saɓa wa tsarin da dpkg-parsechangelog, umarnin da ke karanta kundin, yake jira. Shi ya sa masu kula da ƙunshi ba sa rubuta layin da hannu, suna amfani da umarnin dch.

Rumbun PyPI, inda ake ajiye ƙunshin Python, ya daɗe yana fahimtar reStructuredText kaɗai. Bayanin da aka rubuta da Markdown, ko wanda ke da kuskure ɗaya, sai ya fito tsurarsa da dukan alamominsa a shafin aikin. A 2018 aka amince da PEP 566, ɗaya daga cikin takardun shawarar inganta Python, wadda ta ƙara wurin da marubuci zai bayyana irin harshen alamar da ya yi amfani da shi, aka kuma samu umarnin twine check don gwada bayanin kafin ɗorawa. Abin da ya sa gwajin ya zama dole shi ne PyPI ba ya yarda a sake ɗora fayil da sunan da aka riga aka yi amfani da shi, ko da an goge na farkon. Bayanin yana cikin ƙunshin, don haka gyara shi na nufin sabon saki. PEP 440 ta tanadi lamba ta musamman don wannan, irin 1.2.0.post1, wadda ke nuna manhajar ba ta sauya ba, ƙaramin kuskure ne aka gyara, kamar na bayanin saki.

A gidauniyar Apache abin ya fi haka tsada. Ana jefa ƙuri'a a kan ainihin fayil ɗin da aka sa wa hannu, ƙuri'ar takan ɗauki aƙalla awa 72, kuma ana buƙatar amincewar mutum uku masu ikon zaɓe. Taɓa harafi ɗaya a cikin ƙunshin yana rushe sa hannun, sai an sake haɗa sabon ƙunshi an sake zaɓe. Saboda haka masu sakin sukan auna: in kuskuren bai ɓatar da mai amfani ba, a bar shi zuwa siga ta gaba.

Yadda ake gyarawa

Matakin farko shi ne a gina takardar da injin da zai nuna ta a ƙarshe, a karanta sakamakon da ido. Duba fayil ɗin a edita bai isa ba. Bayan haka sai kayan bincike na atomatik: markdownlint don Markdown, doc8 da rstcheck don reStructuredText, Prettier don sake jera rubutu bisa salo ɗaya, da umarnin git diff --check da ke nuna tazarar da ta rage a ƙarshen layi. Sphinx yana da zaɓin -W wanda ke mayar da kowane gargaɗi kuskure mai sa gini ya gaza, kuma ayyuka da yawa sun sa shi a cikin gwajin da ke gudana a kan kowace gudummawa, ta yadda kuskuren zai bayyana kafin a haɗe shi.

Wasu ayyukan sun magance matsalar daga tushe, ta hanyar daina barin kowa ya taɓa babban fayil ɗin. A da, a CPython, babban aikin gina harshen Python, kowa yana ƙara layinsa a saman fayil ɗin Misc/NEWS, gudummawa suna ta karo da juna a wuri guda. A 2017, shekarar da aikin ya koma GitHub, Larry Hastings ya samar da blurb: kowane sauyi yana da ɗan fayil nasa a cikin Misc/NEWS.d, a ranar saki sai kayan aikin ya haɗa su. Towncrier, wanda ya fito daga aikin Twisted, da reno na OpenStack suna bin irin wannan dabara. Ga waɗanda suka fi son rubutu da hannu, tsarin Keep a Changelog da Olivier Lacan ya fara a 2014 ya ba da siffa ɗaya: sabuwar siga a sama, sauye-sauye a ƙarƙashin rukunai shida, kwanan wata kuma bisa ISO 8601, shekara sai wata sai rana, don kada 03/04 ya zama Maris a Amurka ya zama Afrilu a Ingila.

Ladabin aika gyara

Gyaran tsari yana cikin ƙofofin da sabon shiga ya fi samun sauƙin bi, kuma masu kula da ayyuka da yawa suna maraba da shi. Amma akwai ƙa'idar da ta kafu: kada a cakuɗa gyaran tsari da gyaran ma'ana a gudummawa ɗaya, domin mai dubawa ba zai iya gano jimlar da ta sauya a cikin layi ɗari uku da aka sake jerawa ba. Babban gyara kuma yana ɓata tarihin da umarnin git blame ke nunawa na wanda ya rubuta kowane layi, inda kowane layi zai koma ɗauke da sunan wanda ya daidaita tazara maimakon wanda ya rubuta shi. Siga ta 2.23 ta Git, a 2019, ta kawo hanyar tsallake irin waɗannan sauye-sauye, kuma ayyuka sukan jera su a fayil mai suna .git-blame-ignore-revs.

Akwai kuma gyaran da ba ya gyara komai. A watan Oktoba na 2020, lokacin bikin Hacktoberfest da kamfanin DigitalOcean ke shiryawa, inda a lokacin ake ba da riga ga wanda ya aika gudummawa huɗu, ayyuka sun cika da sauye-sauyen banza a fayilolin README, har masu shirya bikin suka sauya ƙa'ida a cikin kwanakin farko, aka koma ƙirga ayyukan da suka nemi shiga da kansu kawai. Gudummawar da masu kula suka fi saurin karɓa ita ce wadda ta nuna hoton shafin kafin gyara da bayansa, ta ambaci injin da aka gwada da shi, ta kuma taɓa layukan da suka lalace kaɗai.