Wai mai ciki ta rage ci don kada yaro ya yi girma

A nan Maradi har yanzu in mace ta ɗau ciki sai ka ji tsofaffi na cewa ta bar ƙwai, ta rage hura, wai kar ɗa ya yi ƙato haihuwa ta yi wuya. Iyayenmu, Allah ya ja kwana, amma nan kam an yi kuskure. Jaririn da ya zo ƙasa da kilo 2.5 shi likita ke jin tsoro, don tun a ciki jikinsa ya saba da yunwa, zuciya da ƙoda sun ginu a takure, ran da ya girma ya samu cin shinkafa da mai sai hawan jini ko ciwon suga su fi saurin kama shi. An gani a ƙasar Holan ta Turai, yunwar 1944 zuwa 1945, jariran da ke cikin uwayensu a lokacin sun fi samun ciwon suga da na zuciya da suka manyanta. Wuyar haihuwa kuma sau da yawa ƙugun uwa ne bai ƙosa ba, ita ma tamowa ta taɓa ta tana ƙarama. Wake, gujiya, zogale, ƙwai in da hali, ta ci abinta, ta je awo ta karɓo ƙwayoyin ƙarin jini.