Waiwaye: Daga indararo zuwa gulbin Rima

Ruwan saman da Sakkwato ke samu a shekara bai cika wuce milimita 700 ba, amma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, mafi yawa a Agusta. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, lita 5,000 zai zubar, wato duro 25. Gida ɗaya ke nan.

A da kududdufi ne ke karɓar wannan ruwa. Ramin da aka haƙi ƙasar gini shi ke riƙe ruwan unguwa, ya tsotse a hankali, abin da ya rage ya gangara fadama. Da gari ya bunƙasa sai aka cike kududdufai da bola, aka yanka filaye, aka dabe tsakar gida da siminti. Ruwan bai ragu ba, wurin kwanansa ne aka ƙwace.

Hankalin gwamnati kuwa ya tafi kan manyan gulabe. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984. Noman rani ya samu, sai dai ambaliyar da ke shayar da fadama kowace damina ta ja baya, masu shinkafa da masunta na ƙasan madatsun suka ji a jikinsu. Dokokin muhalli daga baya suka zo: ta tantance illar manyan ayyuka a 1992, ta kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, a 2007, ƙa'idojin gaɓar koguna da dausayi a 2009, na zaizayar ƙasa da ambaliya a 2011. Tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe ne, a Satumbar 2010, ruwan Rima ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A takarda babu abin da ya rage. Matsalar tana bakin lambatu, kuma mutanen unguwar Mabera a Sakkwato sun fi kowa sanin haka. Ƙasarmu rairayi ce. Ruwan da ya taso daga layin da ba kwalta yana ɗauke da yashi, da ya iso inda gangara ta ragu sai ya sauke shi. Leda ta tare bakin kwalbati, yashi ya taru a bayanta, damina biyu sun isa su cinye rabin zurfin magudana. Wanda ya wuce kuwa gulbi yake cikewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yashe lambatu a tara ƙasar a gefensa. Ruwan farko ke mayar da ita ciki.

Maganin ba mai tsada ba ne: ramin tare yashi kafin kowane kwalbati, a kwashe shi cikin Mayu, a kai abin da aka kwasa nesa. A gaɓar gulbi kuma a bar tazarar da ba gini ba noma, a dasa ciyawar jema layi-layi, don saiwarta na riƙe ƙasa inda siminti ke tsagewa idan ruwa ya ci ƙarƙashinsa.