Makwancin hunturu na mikiya mai farin kai

Mikiya mai farin kai, wadda masana ke kira Haliaeetus leucocephalus, babbar tsuntsuwa ce mai cin kifi da ake samu a nahiyar Amurka ta Arewa kaɗai. Faɗin fukafukanta yakan kai mita 2, wani lokaci ya zarce, kuma mace ta fi namiji girma. Kai da wutsiya ba sa yin fari sai ta kai shekara biyar ko kusa da haka. Tun 1782 hotonta yake kan tambarin ƙasar Amurka. A lokacin sheƙa, kowace mace da namijinta sukan keɓe yankinsu su hana wasu shiga. Da hunturu kuwa sai su taru ɗaruruwa a inda abinci yake, su kwana tare a kurmi guda.

Inda suke taruwa

Idan tafkunan Kanada da na arewacin Amurka suka daskare, kifi ya shige ƙarƙashin ƙanƙara, sai mikiyoyin su gangaro neman ruwan da bai daskare ba. Shi ya sa ake yawan ganinsu a gindin madatsun ruwa na kogin Misisipi, kamar ta garin Keokuk a jihar Iowa, inda ruwa mai gudu ke fito da kifin da ya jigata. A kogin Chilkat na Alaska, ruwa mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa ne ke hana wani sashe daskarewa, ga kifin salmon da ke zuwa a makare. Mikiyoyi sama da 3,000 kan hallara a can, kuma a 1982 jihar ta keɓe musu eka 48,000.

Makwanci

Wurin ci daban, wurin kwana daban. Mikiya ba ta kwana a kowane itace. Tana son tsoho, dogo, mai kaurin rassa da sarari tsakaninsu, yadda za ta sauka ba tare da fukafukanta sun sarƙe ba, kuma a gefen tudun da iska ba ta bugawa. Irin wannan itace yakan ɗauki shekaru fiye da ɗari kafin ya kai, don haka sare shi asara ce da ba a mayarwa a zamanin mutum ɗaya.

Gandun Bear Valley da ke kudancin jihar Oregon shi ne misalin da ya fi fitowa fili. An kafa shi a 1978 don kare makwancin dare kawai, faɗinsa eka 4,200, cike da tsofaffin itatuwan ponderosa da fir. A tsakiyar hunturu mikiyoyi har 300 kan kwana a cikinsa a dare guda. Kafin rana ta fito sai su fara tashi, ɗaiɗai da bibbiyu, wasu can sama, wasu dab da kan itatuwa, su nufi fadamun Lower Klamath da Tule Lake, inda suke cin agwagin daji marasa lafiya da mushensu, da ɓerayen da ruwa ya koro daga gonaki. Ba a barin kowa ya shiga gandun a wannan lokaci. Masu kallo a waje suke tsayawa, a bakin hanya kusa da ƙauyen Worden, cikin sanyin asuba, da madubin hangen nesa a hannu.

Wannan hani yana da hujja mai ƙarfi. A hunturu abinci kaɗan ne, sanyi kuma yana cin ƙarfin jiki, shi ya sa mikiya ke shafe mafi yawan yini a zaune kan reshe. Duk wanda ya matsa har ya tashe ta don ya samu hoto mai kyau, ya sa ta ƙona abin da da ƙyar za ta mayar. Idan aka yawaita damun su, sukan bar makwancin su koma wurin da bai kai shi kariya ba. Masu kula da gandaye kan shawarci baƙi su tsaya nesa da aƙalla mita 100, su zauna cikin mota idan da hali, su rage surutu, kada su saki karnuka.

Doka da farfaɗowa

An haramta kashe mikiyar da wata dokar Amurka ta 1940. Duk da haka maganin ƙwari na DDT ya riƙa sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi ya fashe, har a 1963 ma'aurata 417 kawai aka sani a jihohi 48 na ƙasar, ban da Alaska da Hawaii. An hana DDT a 1972, aka cire mikiyar daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007. Ƙiyasin da hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta fitar a 2021 ya kai mikiyoyi 316,700 a waɗannan jihohi 48. Dokar 1940 tana nan, kuma ta haramta damun su, har da a wurin kwana.

Hunturu yana da nasa haɗarin. Mikiya takan ci kayan cikin dabbar da mafarauci ya bari a daji, ta haɗiye ɓurɓushin harsashin dalma. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2022 ya samu alamar gubar dalma ta dogon lokaci a kusan rabin mikiyoyin da aka gwada. A yankin Klamath kuma akwai matsalar ruwa: farin 2021 da 2022 ya busar da mafi yawan fadamun, agwagi suka ragu, alhali su ne abincin da ke kawo mikiyoyin Bear Valley.