Sokawe a Wuraren Taro na Karkara

Sokawe tsari ne na tattara ƙazantar bayan gida da ruwan wanke-wanke a inda babu babban magudanar gari. Ya ƙunshi tanki da ake binnewa, da kuma rami ko jerin bututai masu huji da ke sakin ruwan cikin ƙasa.

Tarihi

Ana danganta ƙirƙirar tankin ga wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, wanda aka ce ya gina na farko wajajen 1860, ya kuma yi rajistar mallakarsa a 1881. A 1895 Donald Cameron ya yi rajistar nasa tsarin a Ingila. A farkon ƙarni na 20 Karl Imhoff na Jamus ya fito da tanki mai hawa biyu, wanda ya raba wurin kwantawar ƙazanta da wurin ruɓewarta. Gwajin da ake yi don sanin saurin shan ruwan ƙasa kuwa ya samo asali ne daga aikin Henry Ryon a New York, cikin shekarun 1920.

Matsalar cunkoso

Tankin yana bukatar ruwa ya zauna a cikinsa aƙalla kwana guda, domin ƙazanta mai nauyi ta nutse, maiƙo ya taso sama, ƙwayoyin halittar da ke rayuwa ba da iska ba su ruɓar da abin da ya kwanta. Wurin da yakan shafe makonni babu kowa, sannan ɗaruruwan mutane su cika shi cikin sa'o'i kaɗan, ba ya samun wannan jinkiri: ruwan yakan wuce da sauri, ya kwashi ƙazanta ya toshe ƙasar da ake so ta shanye shi. Saboda haka ana lissafin girman tsarin da ranar da aka fi cika, ba da matsakaicin amfani ba. Masu zane sukan ƙara tankin ajiya, wanda ke riƙe ruwan ranar taro, injin tura ruwa mai agogo yana sakin shi kaɗan-kaɗan cikin kwanakin da suka biyo baya. Inda ake girki ana sa matarar maiƙo kafin tankin, wasu kuma sukan yi hayar ban-ɗakunan tafi-da-gidanka don rage nauyi.

Tazarar da ake bari tsakanin sokawe da rijiya ta danganta da dokar kowane wuri.

Ana saɓani kan sinadaran da ake sayarwa don "farfaɗo" da tanki bayan ya daɗe a zaune. Injiniyoyi da yawa ba su ga bukatarsu ba.